Komawa Kan Sirdi Bayan Faɗuwa

A wannan yanki namu na bakin Kwara, daga Madekali zuwa Malanbil, haye zuwa Gaya da Doso, doki ba baƙo ba ne. Babur da mota sun karɓe masa ɗawainiyar tafiya da fatauci, amma martabarsa tana nan. Duk shekara, in watan Maulidi ya kama, mahaya kan hallara a Nikki domin bikin Gani, su yi kwalliya su gai da sarki cikin amon kakaki da tambura. A Doso, baraden Zarmakwai sun shahara da lifidi. A Kano kuwa, hawan Sallah ya ƙasaita har hukumar UNESCO ta shigar da shi cikin jerin al'adun gadon 'yan Adam a watan Disamba na 2024.

Sai dai akwai wata magana da ba a cika tayar da ita a zaure ba, wato halin mahayin da doki ya kayar. Ƙashi ya ɗoru, rauni ya warke, amma in ya doshi turke sai gabansa ya faɗi. Yau ya ce dokin yana ɗingishi, gobe ya ce sirdi yana wurin baduku, jibi ya ce aikin gona ya yi yawa. A kwana a tashi, sai a wayi gari an sayar da dokin, gidan da aka san shi da hawa tun kaka da kakanni ya rufe barga. Wani kuma gori ne zai tunzura shi, ya hau alhali bai shirya ba, ya sake faɗuwa, ta biyun ta fi ta farko muni. Abin da muke son bayyanawa shi ne, ƙwarin zuciya yana dawowa, amma da sannu yake dawowa, kuma mutanen gida suna da hannu a cikin dawowar tasa.

Faɗuwa ba abin kunya ba ce

Mu fara da abin da zai kwantar da hankali. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa, haka ma Buhari da Muslim, sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hau doki ya faɗo, gefensa na dama ya ƙuje, har ya yi salla a zaune. Darasi biyu ke cikin wannan. Na farko, in mafificin halitta ya faɗo daga kan doki, babu wani barde da zai ɗauki faɗuwa a matsayin zubar da girma. Na biyu, bai ɓoye raunin ba, bai kuma tilasta wa jikinsa abin da ba zai iya ba.

Sannan ga labarin sahabi Jariru ɗan Abdullahi Albajali, wanda Buhari ya kawo. Jariru babban mutum ne a cikin ƙabilarsa, amma ba ya iya zama daram a bayan doki. Da aka ɗora masa jagorancin wata runduna, bai yi nauyin baki ba, ya faɗi matsalarsa a fili. Annabi ya bugi ƙirjinsa da hannunsa mai albarka, ya roƙa masa tabbata. Jariru ya fita da mahaya 150 na ƙabilar Ahmas, ya kuma ba da labari cewa bai ƙara faɗowa daga doki ba. Mu lura da cewa maganin ya fara ne daga lokacin da ya buɗe baki ya faɗi abin da ke damunsa, kuma wanda ya faɗa wa bai yi masa dariya ba.

Jiki tukuna

Akwai wata magana da ta yaɗu a tsakanin mahaya na ƙasashe da yawa, wai in ka faɗo, ka tashi ka sake hawa nan take kafin tsoro ya shige ka. In faɗuwar ta tsaya ga ƙura da ɗan ƙujewa, babu laifi. Amma in kai ya bugu, wannan shawara tana iya kashe mutum. Kan mahayi yana nesa da ƙasa da kimanin mita 2 da rabi, doki kuma in ya saki sukuwa yakan wuce kilomita 40 a awa. Wanda ya faɗo daga nan, tamkar ya faɗo ne daga kan katanga mai gudu.

Alamun da ke nuna ƙwaƙwalwa ta bugu sanannu ne: suma ko da na ɗan lokaci, amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barci mai nauyi, ruɗewa, maimaita tambaya ɗaya, mance abin da ya faru, farfaɗiya, ko fitar jini ko wani ruwa garai-garai daga hanci ko kunne. Wani lokaci mutum yakan tashi ya yi magana lafiya lau, alhali jini yana taruwa a cikin ƙoƙon kansa, sai bayan 'yan awoyi ya yanke jiki ya faɗi. Saboda haka duk wanda aka ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu gare shi, a garzaya da shi asibiti, ko na Malanbil, ko duk wanda ya fi kusa, kada a bar shi shi kaɗai a wannan dare. In kuma yana kukan wuya ko baya, ko ya ce hannu ko ƙafa sun mutu, kada a ciccibe shi a aza a babur. A tallafe kansa da wuyansa a miƙe, a ɗauke shi a kan abu mai faɗi da ƙarfi.

Rauni buɗaɗɗe ma abin kula ne. Ƙwayar cutar sarƙe-haƙora tana zama a cikin ƙasa da kashin dabbobi, barga kuwa gidanta ce. A wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, a nemi allurar rigakafi. Game da karaya, mun san darajar maɗori a garuruwanmu, amma hoton ƙashi shi ke nuna ko karayar ta shafi gaɓa ko ta goce. Ƙashin baligi yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ya haɗe sosai, na yaro ya fi saurin haɗewa. Bayan ya haɗe kuma, naman wurin yakan saki saboda daɗewa ba a motsa shi ba. Mahayin da cinyarsa ba ta iya matse doki, ko hannunsa ba ya iya riƙe linzami, yana da dalilin jin tsoro, domin jikinsa gaskiya yake gaya masa. Sai ya yi ta tafiya a ƙasa, yana motsa gaɓoɓi, har ƙarfi ya komo, likita kuma ya ba shi izini.

A binciki musabbabi

Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma wanda ya ce a dogara ga Allah, shi ne ya ce a ɗaure raƙumi tukuna. Zuciya ba ta natsuwa in ba ta san abin da ya kawo faɗuwar ba, don tana ganin abin zai iya sake aukuwa a kowane lokaci. Saboda haka ya kamata mahayi ya zauna da wani dattijo masanin doki, su bi al'amarin daki-daki.

Sau da yawa laifin na kayan hawa ne. Majayi ya ruɓe ya tsinke, ko an ɗaure shi sakwa-sakwa sirdi ya juya. Igiyar likkafa ta tsufa. Ƙafa ta shige likkafa ta maƙale, doki ya ja mutum a ƙasa, wanda yana cikin mafi munin hatsarin hawa. Linzaminmu na gargajiya mai kaifi ne ƙwarai, shi ya sa ake iya zame doki a tsakiyar sukuwa, amma a hannun wanda ya firgita yakan yanke bakin dabba, ita kuwa ta yi tabarya ko ta faɗo da baya. Wani lokaci kuma dokin ne ke ciwo. Gyambo a gadon baya ƙarƙashin sirdi, ko haƙori mai ciwo, ko kofato da ya tsage, duk suna mai da lafiyayyen doki mai tutsu. Haka ma ingarman da aka ɗaure a turke wata da watanni, ana ɗura masa dawa da dusa da harawa ba kilisa, sannan ranar Sallah a fito da shi cikin ƙarar bindiga da ganguna da sauran ingarmu. Wannan ko gwanin gwanaye ne a kansa, sai Allah ya kiyaye.

Wuri ma yana da nasa rabo. Kwalta tana da santsi ga kofato, babbar hanyar da ta taso daga Kwatano ta bi ta Paraku da Kandi zuwa Malanbil kuwa ta manyan motoci ce. A fadamun shinkafa na bakin kogi, ƙasa kan yi taushi bayan janyewar ruwa, ƙafar doki ta nutse. Idan aka gano musabbabi aka gyara shi, rabin tsoron ya tafi, domin mahayi ya san abin da ya kayar da shi jiya ba ya nan yau.

Doki yana jin abin da ke zuciyar mahayinsa

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Haka Allah ya halicci ɗan Adam domin ya tsira da ransa. Ƙwaƙwalwa takan haɗa zafin da aka sha da duk abin da ke wurin a lokacin, ko warin barga ne, ko ƙarar likkafa, ko haniniya. Da zarar an sake jin ɗayansu, sai zuciya ta hau bugawa, tafin hannu ya jiƙe, numfashi ya sarƙe, tun mutum bai yi tunanin kome ba. Wannan ba ragwantaka ba ce, kuma ba raunin imani ba ne.

Matsalar ita ce doki yana karanta wannan hali. Dabba ce da a daji farautarta ake yi, don haka kullum a faɗake take. Idanunsa suna gefen kai, yana ganin kusan duk kewayensa, in ban da daidai bayansa da daidai gaban goshinsa. A shekarar 2009, wata masaniya mai suna Linda Keeling da abokan aikinta a jami'ar aikin gona ta ƙasar Suwidin sun wallafa sakamakon wani gwaji. An sa mutane su ja dawaki ko su hau su, su bi wata 'yar hanya sau huɗu. Kafin zagaye na huɗu aka gaya musu cewa za a buɗe lema ba zato a gefen hanya. Ba a buɗe lemar ba, amma bugun zuciyar mutanen ya ƙaru, na dawakin ma ya ƙaru. Dawakin ba su ji gargaɗin da aka yi ba, fargabar mutanen ce ta isa gare su ta igiya da linzami da cinya.

Ke nan mahayin da ya hau a tsorace yana ɗaure jiki, ya ja linzami, ya matse ƙafa, ya sunkuya gaba. Doki ya fahimci akwai hatsari, ya fara rawar ƙafa. Mahayi ya ƙara tsorata, doki ya ƙara firgita. Abin da ake gudu sai ya auku. Wannan ne dalilin da ya sa cije baki a hau da ƙarfin tsiya ba ya magani.

Hawa-hawa ake komawa

A shekarar 1958, wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Afirka ta Kudu, Joseph Wolpe, ya bayyana hanyar magance tsoro wadda har yau ake gini a kanta. Mutum zai jera abubuwan da ke ba shi tsoro daga ƙarami zuwa babba, ya fuskanci ƙaramin, ya yi ta maimaita shi har jikinsa ya saba, sannan ya matsa gaba. Guje wa abin tsoro yana ba da sauƙi na yini ɗaya, amma yana ƙara wa tsoron ƙarfi. Mu ma muna da asalin wannan hikima. Abdullahi ɗan Umar ya ruwaito cewa Annabi ya shirya tseren dawaki a Madina, ya ba waɗanda aka horar doguwar tazara, waɗanda ba a horar ba kuwa ya ba su gajera. Kowa da gwargwadon shirinsa.

Ga yadda mahayi zai iya tsara nasa matakan. Da farko ya koma barga ba da niyyar hawa ba. Ya ba doki abinci da ruwa da kanwa, ya share masa jiki, ya duba kofato, ya yi masa magana. In wannan ya zame masa jiki, sai ya kama ragama ya ja shi zuwa mashaya ya dawo. Daga nan ya ɗaura sirdi da hannunsa, ya duba majayi da igiyar likkafa da kansa, ya kwance, ba tare da ya hau ba.

Ranar hawan farko, a zaɓi dokin da ya manyanta, mai sanyin hali, ko da kuru ne. Ba dole ba ne a fara da wanda ya yi kayen. A zaɓi fili mai rairayi, nesa da hanya da kasuwa da taron yara, da sanyin safiya ko bayan la'asar. Wani amintacce ya riƙe ragama. Mahayi ya yi bisimilla da addu'ar hawa, ya hau, ya zauna ɗan lokaci, ya sauka tun hankalinsa yana kwance. Wannan kaɗai ya isa aikin yini guda. Washegari a ja shi taku kaɗan. Bayan kwanaki a saki ragama ya yi tafiya shi kaɗai a kewaye, yana tsayawa yana juyawa, har ya tabbata dokin yana jin umurninsa. Sai sassarfa, sai kilisa tare da aboki ɗaya, sukuwa kuwa ita ce ta ƙarshe. Shiga taron hawa da zamiya a gaban jama'a sai duk waɗannan sun zama wasa.

In fargaba ta taso a tsakiyar aiki, mahayi ya tsai da doki, ya saki kafaɗu, ya fitar da numfashi a hankali, ya ɗaga kai ya dubi inda zai nufa. Yin zikiri a bayyane ko yi wa doki magana yana taimakawa, don mai magana ba ya iya riƙe numfashi. In abin ya ƙi lafawa, a koma matakin baya, babu asara a ciki. Hawa kaɗan kullum ya fi hawa mai tsawo sau ɗaya a wata. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai batun kare kai. Rawani ado ne, ba ya tare dutse. Kakanninmu da suka san doki fiye da mu sun sa kwalkwali da lifidi in za su fuskanci hatsari, ba wanda ya kira su matsorata. A watan Maris na 2024 hukumomin Benin sun tsananta dokar sa hular kwano ga masu babur, kan mai doki kuwa bai fi na mai babur tauri ba. A nemi hular da aka yi domin hawa, musamman ga yara, in kuma ta taɓa shan bugu mai ƙarfi a sauya ta, ko da ba a ga tsaga ba. Takalmi ya kasance mai ɗan dunduniya, wanda ba zai zarce cikin likkafa ba.

Waɗanda suka faɗi suka tashi

A watan Yuli na 2013, wata mahayiya 'yar Ingila, Laura Collett, ta faɗi a wurin gasa, dokin ya danne ta. Ta yi kwana 6 ba ta cikin hayyacinta, huhunta da hantarta suka ji rauni, ta kuma rasa ganin ido ɗaya. Ta warke ta koma hawa. A wasannin Olamfik na Tokiyo da aka yi a 2021 tana cikin tawagar da ta ci lambar zinariya, a na Faris kuma a 2024 tawagar ta sake cin zinariya, ita kanta ta sami tagulla. Haka ɗan ƙasarsu William Fox-Pitt, wanda ya faɗi a Le Lion-d'Angers ta ƙasar Faransa a watan Oktoba na 2015, ya bugu a kai, ya yi kusan mako 2 a sume. Watanni 10 bayan haka ya wakilci ƙasarsa a Olamfik na Riyo.

Ba mu kawo waɗannan don a yi gasa da su ba. Su sana'arsu ke nan, kuma suna da likitoci da masu horarwa a kewaye da su. Abin ɗauka a labarinsu shi ne, sun bi ta hannun likita, sun yi jinya, sun koma a hankali. Kuma ba kowa ke komawa ba. Ɗan wasan fim na Amurka Christopher Reeve ya faɗo daga doki a 1995, ya karye a wuya, bai sake tafiya da ƙafarsa ba har ya rasu a 2004. Wanda likita ya hana shi hawa, ko wanda ya auna shekarunsa da nauyin iyalinsa ya ga ya isa haka, ya yi abin da hankali ya yarda da shi. Yana iya zama cikin harkar, ya yi kiwo, ya koya wa yara ɗaurin sirdi da riƙon linzami.

Nauyin da ke kan mutanen gida

Yawancin waɗanda suka bar hawa, ba faɗuwar ce ta raba su da shi ba, bakin mutane ne. Mun saba jin ana cewa faɗuwar gaba asarar namiji. Karin magana ce ta fagen fama, ba ta ɗakin jinya ba. Uban da ya ce wa ɗansa a gaban baƙi, "Kai dai ba ka gado ni ba," ya ɗora masa karaya ta biyu wadda maɗori ba ya ɗorawa. Da zai ce, "Ɗana, zo ka riƙe mini ragama in duba ƙafar nan," da ya mai da shi barga ba tare da yaron ya ankara ba. Da zai ƙara da ba shi labarin ranar da shi ma ya sha ƙasa, da ya fi, domin babu tsohon mahayin da ba shi da irin wannan labari.

Iyaye mata kuma sau da yawa su ne ke rantsuwa cewa yaro ba zai ƙara kusantar doki ba. Tausayi ne, kuma suna da hakki a saurare su. Maigida ya zauna da uwargida ya nuna mata abin da aka gyara, da dokin da aka zaɓa, da hular da aka saya, da wanda zai riƙe ragama. Abokan wasa da 'yan uwa su rage zolaya har sai mutum ya fara yi wa kansa dariya. Kada kuma a sa wa mai jinya wa'adi, a ce lalle sai ya hau ranar Sallah ko ranar Gani. Biki yana zagayowa kowace shekara.

A ƙarshe, a sa ido a kan alamun da suka wuce tsoro na al'ada. In an haura wata guda mutum yana mafarkin hatsarin, yana firgita cikin barci, yana ƙin bin hanyar da abin ya faru, ko halinsa ya sauya ya zama mai saurin fushi ko yawan mantuwa, to a kai shi ga likita. Wannan ciwo ne da aka san shi, yana kuma da magani, kamar yadda karaya take da shi. Addu'a da neman magani tafiyarsu ɗaya.

Muna roƙon Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mahayanmu manya da yara, ya tabbatar da su a kan sirdi kamar yadda ya tabbatar da Jariru.